Likita Mila na Durumin Maigarke (1872–1952)

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango, ya koyi harshen daga bakinsu.

A 1900 ya biyo tawagar Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, bayan 'yan kwanaki ya sallame su. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Sai a 1905 Mila ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke.

A nan ne rayuwarsa ta fi cancantar nazari. Turawan mulki suna can bariki, nesa da jama'a, shi kuwa yana cikin ganuwa, maƙwabtansa duk Musulmi, idon kowa a kansa. Wa'azinsa bai ja mutane da yawa ba, domin bayan shekaru masu yawa ana iya ƙirga waɗanda suka bi shi. Abin da garin ya fi gani shi ne halinsa na yau da kullum: duba marasa lafiya, koyar da karatu, da riƙon yara a gidansa. Bai taɓa aure ba, yaran nan su ne iyalinsa. Daga wannan makaranta aka sami Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa.

A 1913 wasu Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka nemo shi da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kashe da yawa, sauran suka watse. Ga likitan da ya ɗora buri a kan wurin, wannan babbar jarrabawa ce, amma bai tattara ya koma gida ba.

Ba za a ce ba shi da aibi ba. Mutum ne mai kafiya da kaifin harshe, ya yi ta saɓani da Turawan mulki har da 'yan'uwansa na mishan. Ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, mai waƙar Tabarƙoƙo, aka kai shi Lokoja. Masu nazarin adabin Hausa ba kasafai suke mance wannan ba, kuma suna da hujja.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Mila ya duƙufa kan fassara, tare da taimakon Hausawan da ya rena da sauran masu mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Bayan ya bar aikin CMS ya ci gaba da zama a Nijeriya yana koyarwa da rubutu. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos, yana ɗan shekara 80.