Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955)

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fatauci. Mahaifinsa, Abdullahi, ya rasu yana ƙarami, sai wata baiwa mai suna Tata ta rene shi. Daga nan ya samo laƙabin Ɗantata.

Ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya riƙa ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa kuwa suka rasa hanyar kaiwa ga manoma sai ta hannun 'yan ƙasa. Alhassan ya zama babban dillalinsu, yana ba yaransa jari suna kutsawa ƙauyuka. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20.

Dukiyarsa ta kusanto shi da masu mulki, har ya zama mai ba majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero shawara, ya kuma goyi bayan jam'iyyar NPC. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari.