Malam Aminu Kano da kujerar da bai taɓa samu ba a Majalisar Arewa

A duk lokacin da aka kammala zaɓen majalisun dokoki na jihohinmu, na ga waɗanda suka faɗi suna rige-rigen komawa jam'iyyar da ta ci tun tawadar yatsansu ba ta bushe ba, sai Marigayi Malam Aminu Kano ya faɗo mini a rai. Akwai wani abu a tarihinsa da na lura yawancinmu ba mu cika tunawa da shi ba, wato duk sunan da ya yi a siyasar Arewa, bai taɓa samun kujera a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke zama a zauren Lugard a Kaduna ba. Ya nema, an kayar da shi, ya kuma ci gaba da zama inda yake. Wannan ɓangare na rayuwarsa nake so mu duba tare da mai karatu a yau.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a gidan malamai da alƙalai na zuriyar Gyanawa. Mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aiki a kotun alƙali, saboda haka tun yana yaro ya san yadda shari'a da mulkin En'e suke gudana daga ciki. Ya yi makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, wadda ta yaye mafi yawan 'yan bokon Arewa na farko. Da ya gama a 1942 ya zaɓi aikin koyarwa, aka tura shi Midil ta Bauchi. A can ne ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda suka riƙa zaman tattaunawa a kan halin da ƙasa take ciki, har hukuma ta fara zuba musu ido. A 1946 ya tafi Landan ƙarin karatun koyarwa, da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Daga baya aka mai da shi kwalejin horar da malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, kuma a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa gaba ɗaya.

A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, mai alamar tauraro. Malam bai kasance cikin takwas ɗin ba domin yana Maru a lokacin, amma tunaninsa da nasu ɗaya ne, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Manufarta a bayyane take: a ƙwato wa talaka 'yancinsa daga zaluncin da ake yi masa da sunan haraji da jangali da aikin tilas, a kuma mai da En'e hukumar da jama'a suke da ta cewa a cikinta. A ɗaya gefen kuma akwai Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, mai alamar fartanya, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951, ana tsakiyar zaɓe, ta kuma tattaro manyan ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta da attajirai, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa.

Zaɓen 1951, wanda aka yi bisa tsarin mulkin Gwamna Macpherson, shi ne karon farko da jam'iyyun biyu suka gwada ƙwanji. Zaɓe ne na hawa-hawa: masu biyan haraji maza su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai ga zauren ƙarshe na lardi, wanda shi ne zai fitar da 'yan majalisa. A zagayen farko NEPU ta ba kowa mamaki a birnin Kano da wasu garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa. Amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen kai tsaye cikin zauren ƙarshe, ga shi kuma a kowane hawa idon hakimi da dagaci yana kan mai zaɓe. Ko da aka kai ƙarshe, ƙuri'ar talakan birni ta narke kamar gishiri a ruwa, NEPU ba ta fita da kujera ko ɗaya daga Lardin Kano ba.

A nan ne, a ganina, halin mutumin ya fara fitowa. Da wani ne, da ya ce an yi masa fashi da rana tsaka, ya tattara komatsansa ya koma aji, ko ya nemi sulhu a ba shi muƙami, ga shi kuwa abokan karatunsa ne suke riƙe da gwamnati. Malam ya fahimci cewa tsarin zaɓen kansa ne abin yaƙa, sai ya mai da neman zaɓe kai tsaye, da ƙuri'ar asiri, da 'yancin mata na jefa ƙuri'a, su zama jigon gwagwarmayarsa, a gida da kuma tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan. A 1954 ya tsaya takarar majalisar tarayya a Kano, Malam Maitama Sule, wanda yana cikin waɗanda suka kafa NEPU kafin ya koma NPC, ya kayar da shi.

Sai zaɓen Majalisar Arewa na 1956, mai kujeru 131, wanda a karon farko aka yarda a yi zaɓe kai tsaye a wasu mazaɓun birane, ko da yake karkara ta ci gaba da tsarin hawa-hawa, mata kuma ba su da ƙuri'a. Fagen ya cika da jam'iyyu. Ga NPC mai mulki, Sardauna yana Firimiya tun 1954. Ga NEPU da ƙawancenta da NCNC ta Dokta Azikiwe. Ga UMBC ta mutanen tsakiyar ƙasa masu neman jiharsu. A Barno ga ƙungiyar matasa ta Alhaji Ibrahim Imam, tsohon babban sakataren NPC da ya fice a 1954, a Ilori kuma ga Talaka Parapo. Malam Aminu ya tsaya a mazaɓar Kano ta Gabas, Alhaji Ahmadu Ɗantata na NPC ya kayar da shi. NEPU da abokanta sun samu 'yan kujeru, amma jagorancin adawa a zauren Kaduna ya faɗa hannun Ibrahim Imam, shugaban NEPU kuwa yana waje.

Ya kamata mai karatu ya san farashin da aka biya kafin a samu waɗannan 'yan kujeru. A wancan zamani 'yan doka da dogarai da kotunan alƙalai da gidajen yari duk a hannun En'e suke, kuma ita ce mai ba da izinin taron siyasa. Ɗan NEPU yakan sha bulala ko ɗauri saboda lacca ba izini, ko saboda an ce ya ci mutuncin sarki. A Kano ga 'yan Mahaukata suna tarwatsa taruka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama a kan wannan tafarki. Teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure su ne ƙashin bayan jam'iyyar, kuma da yawansu sun rasa rumfa ko gona, wasu sun yi hijira.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba danniya kaɗai ta ba NPC nasara ba. Jama'a da yawa sun yarda da ita tsakani da Allah, suna ganin ita ce garkuwar Arewa a gaban Kudu da ta yi mata nisa a boko, kuma manufar Sardauna ta cike ma'aikatu da 'yan Arewa ta samu karɓuwa ƙwarai. Ƙawancen NEPU da NCNC ya ba abokan hamayya sandar dukanta, suka riƙa nuna ta a matsayin 'yar koren baƙi. Abin ya ƙara rikicewa bayan zaɓen tarayya na 1959, lokacin da Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas zuwa Ikko, NEPU ta samu kujeru 8, sai NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Malam ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali magoya bayansa suna shan ɗauri a gida. Wannan ya sanyaya gwiwar mutane da yawa, kuma a zaɓen Majalisar Arewa na 1961, mai kujeru 170, NEPU ta tsira da kujera ɗaya tak. A 1964 shi kansa ya rasa kujerarsa ta tarayya.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai wannan tarihin faɗuwa ne. To amma mu duba abin da ya biyo baya. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja, wadda Malam ya yi wa kwamishinan sadarwa daga 1967 sannan na lafiya, ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, matan Arewa kuma suka samu ƙuri'a. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP mai alamar mabuɗi ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kusan duk abin da aka ɗaure mutane saboda sun nema a 1951 da 1956 ya zama doka, har jikokin waɗanda suka yi ɗaurin suna cin moriyarsa ba tare da sun san asalinsa ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi yakan dafa dutse.

Ban ce Malam ba shi da kuskure ba. Akwai masu ganin bai kamata ya yi aiki da soja ba, kuma rabuwar PRP gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, ta faru yana raye, ta kuma raunana tafiyar har bayansa. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, ana shirin zaɓen da zai sake tsayawa takarar shugaban ƙasa. Gidan nan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma duk wanda ya shiga ya ga ɗakunan da ya zauna zai gane cewa siyasa ba ta tara masa dukiya ba.

Abin da ke damuna shi ne, mu da muka yi boko, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata, mun iya yabon Malam a taro, mun sa sunansa a filin jirgin sama da asibitin koyarwa, amma mun bar majalisun jihohinmu, inda ake yanke kasafin makaranta da asibiti da ruwan sha, a hannun duk wanda gwamna ya nuna. Da yawanmu ba mu san sunan ɗan majalisar mazaɓarmu ba. Idan ɗayanmu ya yi ƙarfin hali ya tsaya ya faɗi sau ɗaya, sai ya ce siyasa ƙazanta ce, ko ya sauya sheƙa. Malam ya faɗi a 1954, ya faɗi a 1956, ya faɗi a 1964, ya faɗi a 1979, a lokacin da faɗuwa takan zo da bulala da kurkuku ga mabiya, bai bar talakawan da suka dogara da shi ba. Majalisar da babu adawa mai manufa a cikinta ba ta iya tambayar gwamna ina kuɗi suka tafi, kuma adawa irin wannan sai an samu masu jure faɗuwa shekara da shekaru kafin ta kafu.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano, da Sardauna, da Tafawa Ɓalewa, da dukkan magabatanmu na ɓangarorin biyu, Ya gafarta musu kurakuransu, mu kuma Ya ba mu ikon gyara namu, amin.