Ishaƙu ɗan Imrana, Likitan Ƙairawani

Duk ɗalibin da ya karanta Risala a zaurukan malamai na Zango da Daura ya san sunan Ƙairawani, birnin Ibn Abi Zaidin, a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu. Amma kaɗan ne suka san cewa tun kafin a haifi mai Risala a shekarar 922 Miladiyya, wani likita Musulmi ya zauna a wannan birni, ya wallafa littafi sukutum a kan ciwon baƙin ciki. Sunansa Ishaƙu ɗan Imrana.

Asalinsa mutumin Bagadaza ne. Masana tarihin likitoci, irin su Ibn Juljul na Andalus, sun ruwaito cewa Sarki Ziyadatullahi na gidan Aglabawa shi ya aika masa da abin hawa, da dinari 1000 na guzuri, da takardar alkawarin cewa zai koma gida duk sa'ad da ya so. Da zuwansa ilmin likitanci ya kafu a Magrib.

Littafinsa a kan ciwon da Larabawa suke kira malihuliya kashi biyu ne, na farko dalilai da alamomi, na biyu magani. Ya lissafta tsoro da baƙin ciki ba gaira ba dalili, da rashin barci, da rama. Ya ce mutuwar masoyi ko hasarar dukiya takan jawo shi, haka kuma yawan nazari ba hutawa. Har ila yau ya lura cewa yakan kama masu ibada da tsoron azaba ya yi musu yawa, watau ciwon ba alamar raunin imani ba ne. Ya ba da magani da gyaran abinci, da wanka, da motsa jiki, da hira mai sanyaya zuciya, tare da haɗe-haɗen magunguna.

A ganinsa wani nau'in ciwon a ƙwaƙwalwa yake farawa, wani kuwa daga ciki, inda tururin baƙin ruwan nan da suke kira sauda'u yake hawa ya turnuƙe hankali. Likitoci sun daɗe da barin zancen sauda'u, amma tambayarsa tana nan: me yake isa ƙwaƙwalwa daga sauran jiki?

A shekarar 1885 wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya zuba rini a jinin dabbobi, ya ga gaɓoɓi sun rine amma ƙwaƙwalwa ba ta rine ba. Daga bisani aka gane Allah ya yi wa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa wani shinge mai tacewa, yana barin iskar numfashi da sukari su wuce, yana tare abubuwa masu cutarwa da yawa. A shekarar 2017 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana gallaza musu, shingen nan yakan yi rauni a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi, sinadaran kumburi su kutsa daga jini. Sun ga alamar irin wannan rauni a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da ciwon. Na'urar MRI kuma ta nuna cewa sashen tunawa yakan ɗan ƙanƙance ga masu ciwon da yake yawan dawowa. Duk da haka hoto kaɗai ba ya tabbatar da ciwon, sai likita ya zauna ya saurari majinyaci, kamar yadda Ishaƙu yake yi.

Ƙarshen Ishaƙu kuwa abin tausayi ne. An ruwaito cewa Sarki yana da fuka, Ishaƙu ya hana shi shan kindirmo, wani likita daga Andalus ya ce ya sha. Cikin dare numfashi ya sarƙe, Ishaƙu ya cece shi, amma sai da aka biya shi lada mai tsoka. Sarki ya fusata ya yanke masa albashi. Ishaƙu ya kafa kujera a fili cikin gari yana rubuta wa jama'a magani, suka yi ta tururuwa. Aka hana shi komawa gida, aka ɗaure shi, daga baya aka tsage jijiyoyin hannuwansa har jini ya ƙare, wajen shekarar 907. A 909 mulkin Aglabawa ya rushe, Sarki ya gudu.

Littafin bai mutu ba. A ƙarni na 11 wani fada mai suna Kustantin Ba'afirke ya juya shi zuwa Latin a Italiya, bai ambaci mai shi ba, likitocin Turai suka yi ta amfani da shi.

To, wanda ɗan'uwansa ya yi makonni ba ci, ba barci, ba walwala, kada a zarge shi da rashin tawakkali, kada kuma a tsaya ga cewa iska ce. A yi masa addu'a, a kai shi asibiti, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah ya ji ƙan Ishaƙu ɗan Imrana, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.