Jean-Martin Charcot: Likitan da ya fayyace cutar tabon jijiyoyi

An haifi Jean-Martin Charcot a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 29 ga Nuwamba, 1825, a gidan wani maƙerin keken doki. Ya yi karatun likita a birnin, kuma a 1862 ya kama aiki a asibitin Salpêtrière, inda ake tsugunar da dubban mata tsofaffi da marasa galihu masu fama da cututtukan da ba a ma san sunayensu ba.

Charcot kan bibiyi majinyaci shekara da shekaru, yana rubuta alamomin ciwonsa, yana kuma zana su da hannunsa. Idan majinyacin ya rasu, sai ya duba ƙwaƙwalwa da lakar gadon bayansa, ya haɗa abin da ya gani a gawa da abin da ya lura da shi a raye.

Ta haka ne a 1868 ya fayyace cutar tabon jijiyoyi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, ya raba ta da cutar Parkinson da ake yawan rikita su. Ya nuna cewa rufin da ke lulluɓe da zaren jijiya ne ke lalacewa, ya bar tabo a warwatse. Alamomi uku da ya ambata, wato rawar ƙwayar ido, karkarwar hannu yayin kai shi ga abu, da magana a gutsure, har yau da sunansa ake kiran su. Ya kuma lura cewa tunanin wasu majinyatan na yin nauyi, mantuwa na damun su. Binciken zamani da na'urar MRI ya nuna cewa ƙwaƙwalwar masu cutar na motsewa fiye da ta tsaransu masu lafiya, kuma motsewar na tafiya da tsanantar nakasa.

A 1882 aka naɗa shi farfesan cututtukan jijiyoyi na farko a Jami'ar Paris. Cikin ɗalibansa akwai Joseph Babinski da Sigmund Freud. Sai dai yadda yake baje kolin mata masu ciwon ruɗewa a gaban 'yan kallo ya jawo masa suka.

Ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1893, yana da shekara 67. Har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da cutar ba, amma akwai masu rage saurinta.