George Ruffin, mai aski da ya zama alƙali

An haifi George Ruffin a shekarar 1834 a birnin Richmond, cikin jihar Birjiniya ta ƙasar Amurka. A wannan zamani, yawancin baƙar fata na jihar bayi ne. Iyayen George ba bayi ba ne, amma doka ta ɗaure su. Dokar jihar ta hana a tara yaran baƙar fata a koya musu karatu da rubutu.

Iyayensa ba su yarda ƴaƴansu su tashi cikin jahilci ba. A shekarar 1853 George da ƴan gidansu suka bar gida da dangi, suka yi ƙaura zuwa birnin Boston, a jihar Masacuset, can arewa. A nan George ya shiga makaranta, yana saurayi mai shekara kusan 19.

Da ya fita daga makaranta, sai ya kama sana'ar aski. A shekarar 1858 ya auri wata budurwa mai suna Josephine. Da askin yake ciyar da iyalinsa. In aiki ya yi sauƙi, sai ya ɗauki littattafan shari'a yana karantawa. Haka ya yi shekara da shekaru, bai gaji ba.

A shekarar 1865 aka hana bauta a Amurka. Bayan shekara uku, George ya shiga sashen shari'a na jami'ar Harbad. Ya gama a shekarar 1869. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu digiri a wannan sashe. Ya ajiye aska, ya zama lauya, wato mai tsaya wa mutane a gaban alƙali.

Mutanen Boston sun ga ƙwazonsa, suka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki ta jihar Masacuset. Ya zauna a majalisar a shekarar 1870. Yaron da doka ta hana wa karatu, ga shi yau cikin masu tsara doka. Daga baya kuma ya shiga majalisar birnin Boston.

A shekarar 1883 gwamnan jihar, Benjamin Butler, ya naɗa shi alƙali a kotun unguwar Charlestown. Kafin shi, ba a taɓa naɗa baƙar fata a irin wannan kujera ba a jihar. Farare da baƙaƙe duka suna kawo ƙara gabansa, yana saurarensu, yana yanke hukunci.

Shekara uku ya yi yana alƙalanci. Ciwon ƙoda ya kama shi, ya rasu a shekarar 1886, yana da shekara 51.

Tambayoyi

1. Me ya sa George da ƴan gidansu suka bar Birjiniya?
2. Wace sana'a ya yi kafin ya zama lauya?
3. Mene ne aikin lauya? Mene ne aikin alƙali?
4. Wa ke yanke shari'a a garinku?