Baturen da Ya Sauke Jirgin Sama a Kano

Ni ɗan Kibiya ne, kuma tun ina firamare ba abin da ke ɗauke mini hankali kamar tsofaffin motoci. In an yi mana hutu, nakan hau mota in tafi Rano wurin wani kawuna bakanike, in wuni a garejinsa ina miƙa masa sifana. A bayan garejin akwai wata tsohuwar Peugeot 404 da wata Bedford wadda kaji suka mayar akurki. 'Yan ɗakinmu a makaranta har suna yi mini tsiya wai ni ɗan gwangwan ne. To, son tsofaffin ƙarafan nan ne ya kai ni ga tambayar wane jirgin sama ne ya fara sauka a ƙasar Kano, kuma wa ya tuƙo shi. Na yi ta bincike, har na gano mutumin. Sunansa Arthur Coningham.

An haife shi a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya ran 19 ga Janairu, 1895. Ubansa shahararren ɗan wasan kurket ne, amma ba mutumin kirki ba ne. Wata shari'a ta abin kunya ta sa ya kwashe iyalinsa zuwa New Zealand, can ma daga baya aka ɗaure shi saboda zamba. Watau yaron ya tashi da sunan uba wanda ba a alfahari da shi. Ya yi karatu a Kwalejin Wellington, da ya gama ya shiga aikin gona. Ya iya hawan doki ƙwarai, ya kuma iya harbi.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai ya shiga soja. Zazzaɓin taifot ya kama shi, aka sallame shi a 1916 aka ce ba shi da sauran amfani a fagen fama. Wani da sai ya gode wa Allah ya koma gona. Shi kuwa sai ya biya wa kansa kuɗin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya shiga rundunar mayaƙan sama. Kafin yaƙin ya ƙare ya zama shugaban wata ƙungiyar jirage, ya sami lambobin yabo, ya kuma sami rauni. Abokansa suka laƙaba masa suna Mary, ba don shi mace ba ne, sai don kalmar Maori, sunan mutanen asali na New Zealand, ta lanƙwashe a bakinsu.

Yanzu ga abin da ya shafe mu. A 1925 yana aiki a Masar, sai aka ba shi jirage 3 samfurin DH.9A, aka ce ya kai su Nijeriya ya komo. Suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, suka bi Kogin Nilu zuwa Khartoum, suka karkata yamma ta El Fasher da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira N'Djamena. Ran 1 ga Nuwamba suka iso Kano, suka sauka a filin sukuwa, don a lokacin babu filin jirgi. Sarkin Kano Usman ne ke kan gado a shekarar. Tafiya da dawowa ta kai wajen mil 6,500.

Duk wanda ya ga hoton jirgin nan sai ya riƙe baki. Fukafukai biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Yawancin jikinsa katako ne, fukafukan kuma ƙyalle aka lulluɓa musu. Mutum biyu kaɗai yake ɗauka, kuma ba rufi a kansu, rana da ƙura da iska duk nasu ne. Injinsa ƙirar Amurka ne, ana kiransa Liberty, silinda 12, ƙarfin doki 400. Da na nuna wa kawuna hoton, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya nuna mini inda ruwa ke sanyaya injin a gaba, kamar dai lagireton Bedford ɗinsa. Ya ce shi ko Kibiya ba zai yarda a kai shi a cikinsa ba. Ɗaya daga cikin irin jiragen nan tana nan ajiye a gidan tarihin mayaƙan sama da ke Landan, kuma in Allah ya ba ni rai da hali sai na je na gan ta da idona.

Amma akwai abin da ya dame ni. Da farko na ɗauki Coningham jarumi ne kawai, har na manna hotonsa a cikin akwatina. Daga baya na karanta cewa kafin ya zo Masar ya yi aiki a Mosul ta ƙasar Iraƙi daga 1922, da irin wannan jirgi. A can Ingilishi suna amfani da jirage su jefa bama-bamai a kan ƙauyukan da suka ƙi yi musu biyayya. DH.9A jirgin yaƙi ne, ba na yawon buɗe ido ba. Shekara 22 kacal ke nan bayan Turawa sun ci Kano da yaƙi a 1903. Saboda haka ina jin dattawan da suka ɗaga kai suka ga abin nan ranar, ba mamaki kaɗai ya kama su ba, sun gane saƙon da aka aiko musu. Malaminmu na tarihi ya yarda da ni a kan wannan, ko da yake ya ce in daina yanke wa matattu hukunci da sauri.

Hanyar da ya buɗe ta yi amfani. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu Kano daga Khartoum ta sama. Da Yaƙin Hitila ya zo, tun daga 1940 Ingilishi suka riƙa kawo jirage a akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, su harhaɗa su, su tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri har Masar. Dubban jirage suka bi ta nan. Abin mamaki, wanda aka naɗa ya shugabanci mayaƙan sama na hamadar Arewacin Afirka a 1941, wanda jiragen nan ke tafiya wurinsa, shi ne Coningham ɗin dai. Da shi aka ci yaƙin El Alamein a 1942, ko da yake daga baya shi da Janar Montgomery ba sa ga maciji, don yana ganin janar ɗin ya kwashe yabo shi kaɗai. A 1944 ya jagoranci wata babbar rundunar jirage lokacin da aka shiga Faransa ta Normandy. Ya bar aiki a 1947.

Ƙarshensa ya zo ne a jirgin da ba shi ke tuƙi ba. Ran 30 ga Janairu, 1948, yana fasinja a wani jirgi mai suna Star Tiger, daga tsibiran Azores zuwa Bermuda, sai jirgin ya ɓace a kan Tekun Atilantika da mutum 31 a ciki. Har yau ba a ga ko tarkacensa ba. Yana da shekara 53. A ranar ce kuma aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, sai labarin Gandhi ya mamaye jaridun duniya.

Hoton nasa na cire daga murfin akwatina, na sa shi cikin littafin tarihi. Na jirgin kuwa na bar wa kawuna, ya kafa shi da ƙusa a bangon gareji, kusa da kalanda.