Waliyyi Faransis na Asisi, Mutumin da Ya Hana a Sare Itace Daga Tushe

A garin Asisi da ke tsakiyar ƙasar Italiya aka haifi Faransis, a shekarar 1181 ko 1182. Mahaifinsa, Pietro Bernardone, attajiri ne mai fataucin yadi har zuwa ƙasar Faransa. Yana can wajen fatauci aka haifi yaron, mahaifiyarsa Pika ta sa aka yi masa baftisma da suna Yohanna. Da uban ya dawo sai ya riƙa kiransa Faransesko, wato Bafaranshe, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Ya tashi cikin daula, ga sutura, ga abokai, kullum shi ne kan gaba a wajen shagali. A 1202 yaƙi ya ɓarke tsakanin Asisi da maƙwabciyarta Perujiya, aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a kurkuku. Ya fito da ciwo a jiki, zuciyarsa kuma ta fara gundura da rayuwar da ya saba. A da ba abin da yake ƙyama kamar kuturu, amma sai ga shi yana zuwa wurin kutare yana yi musu hidima. Ya kuma ɗebi yadi daga shagon ubansa ya sayar, don ya gyara wata tsohuwar majami'a mai suna San Damiyano. Uban ya fusata, ya kai ƙararsa gaban Bishop Gido. A nan, a idon jama'a, Faransis ya tuɓe tufafinsa ya miƙa wa mahaifinsa, ya yafe gādonsa duka. Wajen 1206 ke nan.

Samari suka fara binsa. A 1209 suka tafi Roma, Fafaroma Innosent na Uku ya amince da ƙa'idar zamansu. Suka kira kansu Ƙananan 'Yan'uwa: ba su da gida, ba su riƙe kuɗi, suna aikin hannu suna wa'azin tuba.

Yawancinmu hotonsa muka sani, yana tsaye tsuntsaye sun kewaye shi. Yara kuma suna son labarin kerkecin garin Gubbiyo, ko da yake sai bayan fiye da shekara 100 da mutuwarsa aka rubuta shi. A ganina abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne ƙananan umarnin da Toma na Selano, wanda ya yi zamani da shi, ya rubuta. Idan 'yan'uwa za su yi itacen wuta, yakan hana su sare bishiya daga tushe, sai dai su rage mata, don ta sāke toho. Mai kula da lambu kuwa yakan sa shi ya bar wani gefe ba a nome ba, saboda furanni da ganyayen daji su sami wurin fitowa. Yakan ɗauke tana daga kan hanya kada a taka ta, da sanyi kuma yakan sa a ajiye wa ƙudan zuma abinci. Dalilinsa na bangaskiya ne. Tun da Uba ɗaya ya yi mutum da tsuntsu da ruwa, to, dangi ne su, kuma aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan ya haɗa da noma da tsaro duka biyu.

Mu da muke Minna ba mu bukatar a fassara mana maganar itace. Wanda ya bi hanyar Bida ko ta Suleja ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titi. Cikin itatuwan da ake ƙonawa har da kaɗanya, wadda matan Jihar Neja suke samun man kaɗe da kuɗin makarantar 'ya'yansu daga gare ta, ga shi kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Mai yin gawayi ba mugu ba ne, yunwa ce take korarsa daji, kuma tukunyar gidajenmu ce kasuwarsa. Amma damina ta sauya hali, takan makara, ta kuma zubo a rana ɗaya abin da ya kamata ta raba a mako biyu. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 ta ci rayuka fiye da 150. Sare itace ba shi kaɗai ya jawo ta ba, sai dai ƙasar da aka tuɓe wa itatuwa ba ta iya riƙe ruwa. Faransis bai san hayaƙin masana'antu ba, bai kuma hana kowa hura wuta ba. Iyaka ya sa wa gatari.

A 1219, ana tsakiyar yaƙi tsakanin rundunar Kirista da ta Musulmi a Damiyetta ta ƙasar Masar, ya ƙetare fagen fama ba makami, ya je wurin Sarki Malik al-Kamil. Sarkin ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi, ya sallame shi lafiya. A 1223 ya shirya bikin Kirsimeti a wani kogo a Greciyo, da komin dabbobi da ciyawa da sa da jaki, domin talakawa su ga irin wurin da aka haifi Mai Ceto. A shekarar da ta biyo, yana addu'a a dutsen La Berna, alamun raunukan Almasihu suka bayyana a jikinsa.

Daga nan lafiya ta ƙi. Ciwon ido ya kai shi ga ko hasken rana ba ya iya jurewa. A cikin wannan hali, yana kwance a wata bukka a San Damiyano, ya tsara Waƙar Halittu wajen 1225, inda ya yabi Allah saboda rana da wata da iska da ruwa da wuta da ƙasa. Mutumin da rana take ƙona wa ido ne ya gode wa Allah dominta. Da ajali ya matso, ya roƙi 'yan'uwa su kwantar da shi a ƙasa ba shimfiɗa. Ya rasu da yammacin 3 ga Oktoba, 1226, yana da shekara 44 ko 45. Bayan shekara biyu Fafaroma Giregori na Tara ya sa shi cikin tsarkaka.

A 1979 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi waliyyin masu kula da muhalli. Marigayi Fafaroma Faransis, wanda ya ɗauki sunansa a 2013, daga waƙar nan ya samo sunan wasiƙarsa ta 2015, Laudato Si', a kan sauyin yanayi da wahalar da yake jawo wa matalauta. Kowace shekara Ikilisiya tana kiyaye Lokacin Halitta daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar idinsa, wadda a Dayosis na Minna takan zo daidai lokacin da damina take shirin ɗaukewa. A Oktoban 2026 yake cika shekara 800 da rasuwa.